Wa Ya Kwance Injin Alhaji Arzika?

Shekarar da Kebbi ta zama jiha, Birnin Kebbi ya cika da baƙin motoci, ɓarayin kayan mota kuma suka biyo sawu. Shi ya sa Sufeto Sirajo bai yi mamaki ba da Alhaji Arzika, dillalin albasa na unguwar Badariya, ya shigo ofis da hantsi yana jan direbansa Hodi da wuyan riga.

"Ga ɓarawo na kawo muku. Na tahi Augie sayen albasa cikin babbar mota, na dawo na ishe an kwashe ma Fijona hanji. Mabuɗi kuwa ga hannunai shike."

Hodi dattijo ne da ya yi furfura a bayan sitiyarin gidan. Aka sa shi bayan kanta, Sufeto ya ɗauki Kofur Asiya suka nufi Badariya.

Motar tana ƙarƙashin rumfa a tsakar gida. Sufeto ya ɗaga bonet. Babu matatar iska, babu kafireto, babu manifol, wato ƙarfen nan mai rassa da ke kai iska da mai cikin inji.

Abin da aka bari ne ya tsayar da shi. Ɓarayin da ya sani wuƙa suke sa wa tiyo su fizge. Nan kuwa an jera notina a faranti, manya gefe, ƙanana gefe. Kowace kafa ta injin an toshe ta da ƙyallen atamfa mai tsabta don kada ƙasa ta shiga. Ya zaro ɗaya ya shinshina, sai ƙamshin turaren wuta.

"Wannan ɓarawo ya fi wasu likitoci tausayi," ya ce da Asiya.

Da suka koma ofis ya sa aka fito da Hodi.

"Ba a fasa motar ba, ba a kuma fasa akwatin sifanarka da ke cikinta ba. Wa ka ba mabuɗi?"

"Ɓacewa yay yi, ranka ya daɗe."

"A aljihunka muka same shi."

Hodi ya sunkuyar da kai. "To, ni nik kwance. Na saida."

"Wa ka sayar wa?"

"Na mance."

Sufeto ya ga masu ƙarya don su kuɓuta ba adadi. Mai ƙarya don a ɗaure shi kuwa, yau ya fara gani, abin kuma ya dame shi ƙwarai.

Bayan azahar suka sake komawa gidan. A bakin rijiya Sufeto ya ga toka, da ɓawon lemun tsami da aka matse, da lallausan rairayin gulbi, da guntayen samfefa, takardar goge ƙarfe, da suka cinye. Ƙasar wurin ta yi baƙi, tana warin fetur.

Matar gidan, Hajiya Balaraba, ta amsa daga bakin ƙofa, hannuwanta cikin mayafi.

"Me aka goge a nan, Hajiya?"

"Tukwane na."

"Da fetur?"

"Ni ko kusa da motar ban zuwa."

"Ban tambaye ki mota ba."

Asiya ta miƙa mata hannu suka gaisa, ta dawo ta raɗa wa Sufeto cewa farcen Hajiya duk ya kakkarye, ga baƙin mai ƙarƙashin lalle.

Sufeto ya nemi izinin Alhaji, suka shiga ɗakin Hajiya. Kayan jere ne daga ƙasa har rufi, tasoshi da kwalla da samiru, kowanne yana ɗaukar ido. Ya bi su da kallo layi-layi. A tsakiyar layi na sama, tsakanin manyan tasoshi biyu, ga manifol zaune abinsa. Alhaji ya shiga ɗakin nan ya fita tun safe bai gan shi ba, don ƙyallinsa ya saje da na sauran.

Sufeto ya sauko da shi da hannu biyu. Ƙarfen da kowa ya sani baƙi ne mai kaushi ya koma sumul, har cikin lungunan rassansa, inda yatsa ma da ƙyar yake shiga. Ya daɗe yana juya shi. Ya ma manta a bakin aiki yake.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. Sannan ya gyara murya. "Hajiya, gobe Hodi zai gurfana gaban alƙali. Ya ce shi ya sata."

Balaraba ta zauna bakin gado, hawaye suka zubo.

"Ni ta. Sauran kayan na ƙarƙashin gado. Ubana injinan ban-ruwa shika gyara can garin Zauro, ni ka riƙa mai sifana tun ina ƙarama."

"Me ya kai ki?"

"Ka san in anka yi tahiya, buɗe bonet akai mota ta sha iska, maza su taru suna leƙe. Ranar da munka je bikin suna Argungu, ina cikin mota nij ji wani na hwaɗin, wai motar gidan Balaraba mai jere ce, amma cikinta awa gindin tukunya. Sunka yi dariya. Da Alhaji yat tahi nir roƙi Malam Hodi mabuɗi. Niyyata in maida komi kahin shi dawo, sai yad dawo da wuri."

"Kika bar dattijo bayan kanta."

"Alhaji ya rantse duk wanda yat taɓa injin nan, in ba makaniki ba, ya bar gidan. Tsoro nij ji. Shi ko Malam Hodi aurena shika rufa ma asiri."

Alhaji na tsaye bakin ƙofa. Idonsa na kan ƙarfen.

Kafin a tafi da ita ta roƙi a bar ta ta mayar da kayan, don ita kaɗai ta san yadda ta jera su. Ta wanke manifol da fetur, ta zare ƙyallayen, ta ɗaure noti bayan noti. Maƙwabta suka cika rumfar. Asiya ta murɗa mabuɗi, injin ya tashi bugu ɗaya.

"Rantsuwata zan yi mata kaffara," in ji Alhaji, murya ƙasa-ƙasa.

"Wannan tsakaninka da malamai," in ji Sufeto. "Ƙarya ga ɗan sanda kuwa tamu ce. Mu je, Hajiya."

Asiya ta kama hannunta suka fita.

A ofis aka buɗe wa Hodi. Alhaji ya tarye shi da mabuɗin mota a tafin hannu.

"Hodi, mi ya hana ka hwaɗa min tun da sahe?"

Hodi ya dubi mabuɗin, ya sa takalmansa, ya gyara wuyan rigarsa.

"Ba ka tambaye ni ba, Alhaji. Ɓarawo kac ce."

Ya yi wa Sufeto sallama, ya kama hanyar gida a ƙafa.