Minti Talatin da Ɗaya

Ranar da Zaharaddeen ya fara ganin Ummussalma, faɗa take yi, kuma da waya take faɗan. Tana tsaye a kan gadar kogin Haɗeja, ta ɗaga hannu sama tana neman sabis, bakinta bai huta ba.

"Sai da saƙon ya kusa gama tafiya sannan zai yanke? Allah ya isa tsakanina da wannan sabis!"

Ya tsayar da babur ɗinsa. Daga fadama yake, kyamara rataye a wuya, domin ɗaukar bidiyo ce sana'arsa, ta manoma da ta biki.

"Baiwar Allah, in kika jefa ta ruwa, kifi ba zai tura miki saƙon ba."

Ta yi masa kallon da ya isa ya kori mai hankali. Shi kuwa a nan hankalin nasa ya bar shi. Ya jona mata intanet ɗin wayarsa, saƙon ya tafi, ta yi godiyar da ta fi kama da harara. Kafin ta sauka daga gadar ya karɓi lambarta, ya kuma raɗa mata suna Attaruhu.

Salma malamar Turanci ce a wata firamare, shekara shida tana haɗiyar ƙurar alli. Kwas take yi ta intanet, na awa ɗari da ashirin, don samun takardar shaidar koyar da Turanci a ƙasar waje. Wata makarantar mata a Oman ta yi mata alƙawarin aikin shekara biyu muddin takardar ta fito kafin ƙarshen Oktoba. Ta gama karatun, saura gwaji ɗaya: bidiyon minti arba'in da biyar, ba yankewa ba gyara, tana koyar da manya waɗanda ba su iya Turanci ba. Sau biyu kawai ake ba mutum dama.

Wata huɗu suka yi suna soyayya irin tasu, rabi daɗi rabi musu.

"Attaruhuna, yau na ɗauki gonar tattasai kadada uku, duk ba su kai ki zafi ba. Kin ci abinci?"

"Mai Kyamara, in ba ka da aikin yi ni ina da shi. Na ci. Kai fa? Kada ka ce min shayi."

Da lokacin bidiyo ya zo, shi ya samo mata ɗalibai. Mahaifiyarsa, Inna Barira, ita ce shugabar mata masu bandar kifi a unguwarsu, dattijuwa mai jinin Fulanin Birniwa, marar yawan magana. Ta tattaro mata tara ta zo da su, don kawai yarinyar da ɗanta yake so ce.

Darasin da littafin kwas ya tsara a kan iyali ne. Kowace ɗaliba za ta faɗi yawan 'ya'yanta da Turanci, sannan ta faɗi sunan babban cikinsu. Salma ta haddace tsarin kamar karatun allo, har da mintocin kowane sashe. Ta manta abu ɗaya da ko yarinya 'yar shekara bakwai a Haɗeja ta sani: irin su Inna Barira ba sa faɗin sunan ɗan fari. Zaharaddeen kuwa shi ne ɗan farinta, ga shi tsaye a bayan kyamara.

Matasan cikin matan suka amsa suna 'yan dariya. Aka zo kan Inna. Ta sunkuyar da kai.

Salma ta maimaita tambayar. Shiru. Ta kalli agogo, ta tuna an ce dole kowace ɗaliba ta yi magana, sai ta matso har gaban dattijuwar, ta nuna Zaharaddeen da alli, ta koma Hausa.

"Inna, ga shi can fa. Sunansa kawai za ki faɗa. Lokaci yana tafiya."

Matan suka kalli juna. Inna Barira ta miƙe, ta gyara lulluɓinta, ta fita. Sauran matan suka bi ta. Kafin ta ƙarshe ta kai ƙofa, Zaharaddeen ya kashe kyamara. Minti talatin da ɗaya aka ɗauka.

"Ka kashe?" Salma ta yo kansa. "Da ka bari na cike sauran ko da bango nake magana! Ka san yau ne ranar turawa!"

"Uwata kika tsayar a gaban mutane, Ummussalma."

"Tambaya ce a littafi!"

"Littafin a gidanku aka haife shi? Ke ba 'yar garin nan ba ce?"

Ya naɗe wayoyinsa ya tafi. Ta tura guntun bidiyon haka nan, tana kuka tana zagin kyamara da wanda ya ƙera ta.

Bayan kwana goma sakamako ya zo: ta faɗi. Saura dama ɗaya. A ranar kuma saƙon Inna Barira ya iso gidansu ta bakin wata maƙwabciya, cewa maganar aure a bar ta, ba za ta haɗa zuri'a da yarinyar da boko ya cinye wa kunya ba.

Kawu Haladu, tsohon hedimasta, wanda ya riƙe Salma tun rasuwar mahaifinta, cewa ya yi faɗuwar ta yi daidai. Dama can ya rantse ba za ta ƙetare ƙasa ba miji ba, kuma yana da nasa gwanin: Abdulmannan, ɗan garin Malam Madori, wanda suke kwas ɗin tare, ya riga ya ci, shi ma waje zai tafi.

"Ga miji ga tafiya," in ji Kawu. "Me kike nema wurin mai ɗaukar hoto?"

Abdulmannan ya zo da mota da ƙamshin turare, ya zauna a zaure yana mata dariya.

"Ke ma dai Salma, wa ya aike ki kwaso tsofaffi? Ni ɗaliban kwaleji na samu, na ce su yi kamar ba su iya ba. Gobe in kina so zan kawo miki goma, har da zannuwan aro."

Ba ta ce to ba, amma gaskiya ba ta ce a'a ba. Da yamma saƙo ya shigo daga Zaharaddeen.

"Na ga motar a ƙofar gidanku. Allah ya sanya alheri."

Ta rubuta amsa da ƙarfin da ya kusa fasa gilashin wayar.

"Ka rusa min gwaji, ka yi kwana goma sha biyu ba ka neme ni ba, sai yau da ka ga tayar mota ka tuna kana da baki? Ka riƙe alherinka."

Ta koma kan bayanin mai duba bidiyon, tana neman wanda za ta ƙara jin haushinsa. Layi ɗaya ya tsaya mata a wuya: kin san tsarin darasinki sosai, amma ba ki san matan da ke gabanki ba. Ranta ya ɓaci matuƙa. Wata can da ba ta taɓa shan ruwan Haɗeja ba ce za ta gaya mata haka? Don ta ƙaryata ta, sai ta buɗe bidiyon, karo na farko tun da aka ɗauka.

Ta ga kanta tsaye a kan dattijuwa da alli a hannu. Ta ga yatsun Inna Barira suna murza bakin lulluɓi. Kunya ta kama ta, irin wadda take sa mutum ya ji zazzaɓi. Ba ta iya kallo har ƙarshe ba.

Washegari da hantsi ta tafi wurin banda. Hayaƙi ya cika rumfar, tarwaɗa jere a kan ragar waya, mata suna ta aiki. Ta durƙusa a gaban Inna Barira ta gaishe ta. Inna ta bar ta a durƙushe har ta gama juya layi guda.

"Malama ce? An zo ƙarasa tambayar?"

"Inna, na zo ki yafe min."

"Shekara talatin sunan nan bai fita daga bakina ba. Yana goye ya yi ciwon da muka cire rai, ma'aikacin asibiti ya tambaye ni sunansa, sai da na nemo ƙanwata ta faɗa. Ina tsaye ina ganin yana shure-shure ban faɗa ba. Ke kuma saboda takarda kika nuna min shi da alli, kamar wani baƙi a allo."

"Na yi laifi, Inna. Na sani, kuma na san al'adar. Agogo na kalla ban kalle ki ba."

Inna ta nuna mata wutar banda.

"Kukan nan ba zai gasa min komai ba. Tashi ki juya kifin can kafin ya ƙone."

Kwana huɗu Salma tana zuwa bayan an tashi daga makaranta. Idanunta suka yi ja, kayanta suka koma warin hayaƙi, Kawu ya ce ta haukace. Ta tura wa Abdulmannan cewa ya riƙe ɗalibansa da zannuwansa. Ba wanda ya yi mata maganar yafiya, ita ma ba ta sake tambaya ba.

A rana ta huɗu wani mai saye daga kudu ya zo, yana ta latsa kifi da yatsa har ya farfasa uku, yana surutu da Turanci, ya tafi bai ɗauki ko ɗaya ba. Inna Barira ta bi bayansa da tsaki, sannan ta juyo.

"Ke! In Turancin naki yana da amfani, koya min yadda zan ce wa irin wannan ya cire ƙazamin hannunsa daga kifina."

Salma ta koya mata. Inna ta maimaita sau biyu, na uku da tsawa. Sai Adila, ƙaramar cikinsu, ta ce ita so take ta iya cewa kifin na yau ne, ba kwanan rumfa ba. Wata ta ce a koya mata "in ba za ka saya ba ka matsa". Salma ta tsaya a cikin hayaƙin, ta tuna damar gwajin da ta rage mata.

"Inna, da za ku yarda a ɗauki wannan..."

Inna ta taɓe baki. "Adila, je ki ce wa yaron nan ya zo da abin hoton nasa gobe."

Ya zo fuska a ɗaure. Yana kafa kyamara bai kalle ta ba, ita ma ta ƙi kallonsa, sai dai duk sun rame.

"In ka sake kashe min," ta ce ƙasa-ƙasa, "sai na jefa ka kogi."

"In kika sake taɓa min uwa, zan kashe."

Ta gyaɗa kai. "Ka yi daidai. Ranar ma ka yi daidai."

Sai a lokacin ya ɗago. "Na gaji da fushin nan, Attaruhuna. Ko barci ba na yi."

"To wa ya hana ka kira?"

"Motar."

"Motar banza. Kunna mu fara."

Minti arba'in da biyar cif aka ɗauka, a tsakiyar rumfa. Mata suka rabu biyu, masu kifi da masu saye, suna kore juna da Turancin da bai wuce kalma ashirin ba. Salma da ƙyar ta samu wurin sa baki. Muryar Inna Barira ta fi ta kowa tashi.

Sati bai cika ba Inna ta tura Malam Umara, baffan Zaharaddeen, gidan Kawu Haladu neman aure. Kawu ya tirje, ya kawo zancen Abdulmannan. Salma ta durƙusa ta gaya masa yadda Abdulmannan ya ci gwajinsa. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana korar masu satar amsa ya cire tabarau, ya ce kada wannan motar ta sake tsaya masa a ƙofa. Amma ya kafa sharaɗi: in tafiya ta tabbata, ƙafarta ƙafar mijinta. Zaharaddeen ya amince, ko da yake ya san Inna zai bari a gida.

Aka sa rana ba tare da an san sakamako ba. Ranar lalle, Salma tana zaune hannuwa da ƙafafu ɗaure cikin leda, wayarta ta yi ƙarar shigowar imel.

"Ku buɗe! Wayyo, wata ta buɗe min!"

'Yan mata suka yi ta wasa da hankalinta har sai da ta yi barazanar shafa musu lallen a fuska. Adila ta buɗe ta kara mata a gaban ido. Salma ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta fashe da kuka. Ta ci. Guɗa ta tashi har maƙwabta suka leƙo.

Da bakinta ta yi masa saƙon murya: "Mai Kyamara, nemi fasfo."

Ya amsa: "Alhamdulillah. Ko ƙarshen duniya ne, Attaruhuna, mu je."

Ranar Asabar aka ɗaura aure a ƙofar gidan Kawu Haladu. Da aka kai amarya gaban uwar miji, Inna Barira ta kama hannunta ta riƙe gam, ta ƙi saki.

"'Yar nan, ki ji da kyau. Shekara biyu za ki ɗauke min shi. Na yafe miki wancan, na yafe miki wannan, amma kada wanda ya ce miki na ji daɗi. Ban ji ba." Ta yi gyaran murya da ƙarfi kamar hayaƙi ne ya shaƙe ta. "Allah ya yi muku albarka. Ya kai ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai jin ƙai. Ya dawo min da ku ina da sauran numfashi."

Ɗakin ya amsa da amin. Salma ta kifa kanta a cinyar Inna, ta daɗe ba ta ɗago ba.