Tsohon da Ya Raka Barau

Ku matso. Uwani, turo ƙofar nan. Ba tsoro nake ji ba, ni da na taɓa jan wutsiyar kura. Sauro ne.

Barau tela ne, gwauro, ba mata ba ɗa. Ranar hutu ya bi motar 'yan yawon buɗe ido zuwa kogon Dutsen Kurma, don dai ya ji hayaniyar mutane. Kowa da abokin tafiyarsa, ana ta ɗaukar hoto. Shi ko mai ce masa "matso" babu.

A can ciki ya tsaya kallon wani dutse da ya zubo daga sama kamar labule. Ya juyo. Ba kowa. Sun tafi, ba su ma lura ba.

Ya yi kira, kogo ya maido masa da muryarsa. Tocila ta fara yin ja. Warin kashin jemage. Ɗigar ruwa. Ko'ina baƙi ƙirin.

"Sannu, baƙo."

Wani tsoho ne tsugune a jikin dutse.

"Baba, na ɓata."

"Na gani. Wuce gaba in taka maka."

Tsoho na biye da shi. "Yi dama. Sunkuya." Ya tambaye shi gida, ya tambaye shi aiki, har ciwon bayan da keken ɗinki ya sa masa. Rabon da a tambayi Barau lafiyarsa, shi ma ya manta. Ya saki jiki yana ta zuba.

Can sai ya lura. In ya yi magana, kogo ya amsa. In tsoho ya yi, shiru. Ya haska ƙasa. Dugadugan tsohon ne a gaba, yatsu na kallon baya.

Yana hango hasken bakin kogo ya ranta a na kare.

To, ku 'yan boko, in mai gida ya yi maka rakiya, me kake ce masa? "Koma haka nan, na gode." Sai baƙo ya sallame shi yake juyawa. Barau bai faɗa ba.

Tun ranar, taku a bayansa. In keke ya tsaya, a ji numfashi a shago. Masu kawo ɗinki suka watse. Liman ya ce, "Abu mai sauƙi, Malam Barau. Sallame shi, mutane su dawo maka."

Barau ya tsaya a ƙofar ɗakinsa. Ya buɗe baki ke nan, aka ce daga baya, a hankali:

"Ya bayan naka yau?"

Sai Barau ya fasa sallamar, ya ce:

"Da sauƙi, Baba."

Ya shiga ya shimfiɗa tabarma biyu. Har ya bar duniya, ba wanda ya ƙara taka ƙofarsa.

Don haka kada wanda ya shiga kogo shi kaɗai. In kuwa an raka ku, ku sallami mutum.

Uwani, wa ya rako ki ɗazu? Ba kowa? To wannan na tsugune a bayanki fa?