Haƙarƙarin Yaya

A wani gari can, a shekarun da aka daina ƙirgawa, an yi wata yarinya da yayanta. Yayan ya ga hoton ƙasusuwan dainoso a littafi, wata ƙatuwar dabba da ta ƙare tun kafin zuwan mutane, sai ya ce zai haɗa irinta da karan dawa. Ya yi kai, ya yi ƙashin baya, ya kafa haƙarƙari ɗaya. Lokacin ciwo ya riga ya sa hannunsa rawa, shi ya sa haƙarƙarin ya fito a lanƙwashe. Kafin kaka ta wuce, Allah ya karɓi abinsa.

Yarinyar ta ɗauki aikin. Kullum da hantsi sai ta fere kara, ta soka, ta ɗaure da zare. Nata duk suka fito a miƙe.

Goggonta ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, wancan karkataccen ya ɓata miki aiki. Zare shi mana, kara ya ƙare ne a garin?"

Yarinyar ta kai hannu, sai ta ga shatin farcen yayanta a jikin karan. Ta ce, "To Goggo, bari in gyara."

Ta zare nata duka, ta jiƙa su, ta lanƙwasa kowanne ya bi na Yaya. Ta soka, ta ɗaure da zare.

Da Goggo ta dawo, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ikon Allah, kamar zai ja numfashi. To wanne ne nasa?"

Yarinyar ta yi murmushi, ta ɗora yatsa a kansa, ko dubawa ba ta yi ba.