Katifun Bayan Tanki

Ranar da ma'aikatar ilimi ta turo jami'inta duba ɗakunan kwanan ɗalibai mata, shugabar ɗaliban ce ta tare shi a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. Shugaba kowa ke ce mata, don ko a layin famfo ba a yi mata tsallake. Shi kuwa saurayi ne siriri, sabon shiga aiki. Yana ɗago ido ya manta da sallamar da ya shiryo.

Bawan Allah bai san tun kafin motarsa ta tsaya an yi abin da aka saba yi wa baƙi ba. Katifun 'yan raɓe, waɗanda ba su samu gado ba suke kwana a ƙasa, duk an cusa su bayan tankin ruwa, don dokar makaranta kora ce ga duk wadda ta raɓa wata. Ya zaga ya ga ɗakuna fes, kowa da gadonta. Haka ya rubuta a rahotonsa, ya kuma tafi da lambar Shugaba.

Hira ta fara daɗi kenan sai ga sanarwa: tunda babu cunkoso, gwamnati ta fasa gina sabon ɗakin kwana.

Ta tura masa saƙo: "Malam Rahoto, ka cuce mu. Kada ka sake kirana."

Ya amsa: "Rigimammiyata, abin da kika nuna min na rubuta. In akwai wanda ban gani ba, nuna min. Ko aikina zai tafi sai na rubuta shi."

Kunya da haushi suka kama ta, don da bakinta ta ce a ɓoye katifun.

Da ta kai gida maganar aurensa da niyyarta ta fito da katifun, Baba ya ce sam. "Karatu na tura ki, ba faɗa da hukuma ba. Shi kuma yaron da ke wasa da aikinsa, da me zai riƙe ki? Ga ɗan abokina nan, gidajen haya gare shi jere a bayan makarantarku."

"Baba, ka yi haƙuri," ta ce, kanta a ƙasa. "Rashin gadonmu ne ke cika gidajen nan. Ba zan ci daga ciki ba."

Washegari da hantsi ta ɗauko katifar yarinyar da ke raɓe a ɗakinta, ta shimfiɗa a tsakar fili, gaban ofishin mai kula da ɗakuna. 'Yan mata suka yi cirko-cirko. Can wata ta jawo tata, wata ma ta bi. Kafin azahar babu wurin sa ƙafa.

Mai kula ta fito. "Kin san hukuncin wannan?"

"Na sani, Anti. Ki fara da ni."

Malam Rahoto ya iso ya ɗauki hotuna. Ogansa ya ce kul ya taɓa tsohon rahoton, shi kuwa ya miƙa sabo. Aka mayar da shi ɗakin ajiyar tsofaffin takardu, ita kuma aka kore ta daga ɗaki. Amma hotunan sun riga sun isa sama, ma'aikata ta dawo da maganar gini.

Baba ne ya je kwaso mata kaya, yana ta huci. A ƙarƙashin bene ya tarar da 'yar wani tana karatu, akwatinta a matsayin matashi. Ya tsaya ya dube ta, sannan suka kama hanyar gida. Da ya ajiye akwatin ƙarshe sai ya ce, "Ki gaya wa yaron nan ya turo magabatansa."

Ta tura masa: "Malam Rahoto, Baba ya sauko."

"Rigimammiyata, kira ni kawai."

Ranar ɗaurin aure ana zuba harsashin sabon ginin. Suka durƙusa gaban Baba, ya daɗe yana kallonsu, idonsa ya ciko.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Ya ba ku 'ya'ya masu jin magana, ko da yake ban ga inda za su samo ta ba."