Filin Kurciyoyin Pak Deraman

Ranar da Suraya ta fara ganin Haziq, yana tsugune a filin unguwarsu a Kota Bharu yana awo da igiya, ya tare mata hanyar babur.

"Malam, matsa mana!"

Yana ɗagowa lissafi ya ɓace masa, ya miƙa mata wata takardar koke. "Ki sa mana hannu tukuna. Filin pikulbol, wani wasan ƙwallo mai kama da tanis, muke so a gina, kyauta ga kowa."

Ta sa hannu don ta wuce. Shi kuwa lambar wayar da ta rubuta ya bi, har soyayya ta ƙullu.

Sai dai a filin nan mahaifinta, Pak Deraman, wanda take kira Ayah, shugaban kwamitin unguwa, yake ɗaga kejin kurciyoyinsa a kan dogayen sanduna don su koyi kukan gasa. In bai sa hannu ba, hukuma ba za ta zuba siminti ba.

"Ƙwas-ƙwas ɗin ƙwallonsu zai toshe bakin tsuntsayena," in ji shi. "Yaron nan ba fili, ba 'yata!"

Ga kuma Fauzan mai shagon wayoyi, wanda shi ma yake son ta, ya kawo wa tsohon sabon keji.

Wata uku ana abu ɗaya. Haziq ya turo saƙo: "Hasken idona, kin ci abinci? Don Allah tambayi Ayah faɗin filin daga gabas."

Ta mayar masa: "Ni kake nema ko siminti?"

Ranar taron kwamiti, Suraya da ko gaisuwa sai ta sunkuyar da kai, ta miƙe don takaici ya ishe ta.

"Ayah, yaushe kake ɗaga kurciyoyi?"

"Da hantsi mana. Kafin azahar na sauke."

"Haziq, ku yaushe za ku yi wasan?"

"Bayan la'asar, in an tashi daga aiki."

"To wata ukun nan a kan me kuke rigima?"

Mutane suka kalli juna. Wata tsohuwa ta fashe da dariya har shayinta ya zube. Pak Deraman ya yi gyaran murya, ya ce ai babu wanda ya tambaye shi. Ya sa hannu, da sharaɗin sandunansa su zauna a gefe, kuma Haziq ya riƙa taya shi ɗaga keji. Fauzan ya sulale.

Mutanen unguwa suka yi gayya, maza na fenti, mata na rabon shinkafa. A sabon filin aka kafa rumfar biki.

Suraya na zaune cikin kwalliya, ta ga ango yana leƙen ƙasa.

"Ƙafar kujerun nan za ta kankare fentin," ya raɗa mata.

"Wallahi ka ƙara kallon ƙasa, da filin za ka tare."

Ya ɗago da sauri ya kalle ta. Can sama kurciyar Ayah ta saki kuka, tsohon ya ce, "Kun ji, ta amince. Allah ya ba ku zaman lafiya."