Igiyar Kaka Kaleo

"Masassaƙi? Ni za ki kawo wa masassaƙi gida, Saudatu?"

"Baba, injiniya fa yake karanta..."

"Injiniyan da ke wuni a rumfa da gizago? Gwamnati ta turo shi Landan koyon injin jirgi, shi ya ɓige da fafe gungume. Ko ya bar rumfar nan, ko ya bar ki. Na gama magana."

Alhaji Zailani ke nan, babban ma'aikaci, mai flat a unguwar Catford ta Landan. Shekarun nan ne da kuɗin mai ya ɓarke, kowa na sauka Landan da akwati wayam ya koma da shi maƙil. Abin da matan unguwa suka sani, suke kuma faɗa ƙasa-ƙasa a gidan suna, shi ne Alhaji ɗan masassaƙan jirgi ne na bakin ruwan Yawuri. Kullum sai ya mulke tafinsa da mai, wai kantar ta gudu. Ina fa, tana nan daram.

Saudatu ta yafa mayafi ta hau bas sai unguwar Deptford. A wata tsohuwar rumfa bakin kogi ta tarar da saurayin nata, Uwaisu, zaune tsakanin rabin jirgi da rabin jirgi, ya yi tagumi.

Rumfar Kaka Kaleo ce. Tsoho ne mutumin Hawai, wani tsibiri can bayan Amurka, aikin jirgin ruwa ya kawo shi Ingila har tsufa ya riske shi. Kakanninsa masassaƙan kwale-kwale ne, burinsa kuwa ɗaya, ya sassaƙa irin nasu ko guda ne kafin ya mutu, don kada hannun ya ɓace. Da iska ta kayar da wata ƙatuwar bishiya ya roƙa aka ba shi, amma kafin ya iso ma'aikatan ƙaramar hukuma sun datse ta gida biyu don ta shiga mota. An ce durƙusawa ya yi ya rungume gungumen kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Duk da haka ya sassaƙa, Uwaisu na taya shi. In ka ga Kaka Kaleo na aiki sai tsigar jikinka ta tashi. Ba ya awo, ba ya zane. Ya kara kunne a jikin itace, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, sannan ya sara. Ƙusa kuwa ko a aljihunka ka shigo da ita sai ya kore ka. Zaren ɓawon kwakwa yake murzawa a cinya, har wurin ya daina gashi. Saudatu ce ke bi gida-gida tana tara masa ɓawon, shi ya sa duk matar da ta yi alawar kwakwa a Catford tana da hannu a soyayyar nan, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Abu ɗaya ya gagare shi, a ƙasarsu ba a haɗa rabi da rabi su zama jirgi ɗaya. Ranar da Saudatu ta ce ai a Yawuri ɗinke shi ake yi a tsakiya, tsohon nan rawa ce kawai bai yi ba. Ya sha aikawa yana roƙon a bar shi ya zo ya gaida Alhaji, Alhaji ya ce ba shi da lokaci. Da sanyi ya shigo, Kaka Kaleo ya kwanta, bai tashi ba.

"Baba ya ce ka zaɓa," in ji Saudatu.

"Sauda, hasken idona... in na fita na bar jirgin nan haka, mai rumfa faskarawa zai yi ya hura wuta."

"Ni kuma fa? A faskara ni?"

"Ke ce numfashina, kin sani. Amma hannuna ya riƙe ranar da zai cika. Me zan ce masa?"

"Shi ya mutu, Uwaisu. Ni ina raye."

Sai hawaye suka zubo masa. Ta daɗe tana kallonsa, ranta na suya, sannan ta miƙa hannu ta sauke ƙullin igiyar da ke rataye a bango, ta cusa a jaka.

"Ina za ki da ita?"

"Zan kai wa wanda ya ƙi ganin tsohon da ransa."

Da ta kawo wa Alhaji tuwon rana, sai ta ajiye igiyar a gefen tire. Ya buɗe baki zai yi faɗa, amma yatsunsa sun riga shi. Ya ja ta, ya lanƙwasa, ya kai hanci, ya bi ta kamu bayan kamu yana neman inda aka yi ƙari. Bai samu ba.

"Wa ya tufka wannan?"

"Tsohon da ya yi ta aiko maka, Baba."

"Da inji?"

"Da cinyarsa."

Tuwon nan har ya huce Alhaji bai taɓa ba. Can ya ce, "Ɗauko mini hulata."

A rumfar, Uwaisu ya zube yana "ranka ya daɗe", Alhaji ko kallonsa bai yi ba. Ya zagaya rabin farko, ya zagaya na biyu, yana shafa cikinsu da tafin nan mai kanta. Santsi kamar cikin ƙwarya. Ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, daidai yadda marigayin ke yi, alhali bai taɓa ganinsa ba.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Mahaifina kaɗai na san yana fafe itace haka. Ashe a bayan duniya yana da ɗan'uwa... ni kuwa na ce ba ni da lokaci."

Ya tuɓe babbar riga mai aska, ya miƙa wa 'yarsa. Ya sa aka gasa ƙarfe, ya huda bakin rabin nan da na wancan, aka tura su suka haɗe. Sai ya tsaya da igiya a hannu.

"Ɗinkin nan mutum biyu ke yin sa, ɗaya a waje ɗaya a ciki. A gidanmu kuwa ba ma yin sa da bare. Sai ɗa, ko suruki."

Uwaisu ya sunkuyar da kai, ya fara ja da baya.

"Ina za ka? Ni Allah bai ba ni ɗa namiji ba. Shiga ciki ka karɓi igiya."

Saudatu ta dunƙule babbar rigar ta rufe fuska da ita, kuka da dariya suka haɗe mata.

Bayan ɗaurin aure aka saka jirgin a kogin Thames. Matan Catford sun yi layi a gaɓa, rabinsu sun zo ganin ya nutse ne. Ko ɗigon ruwa bai shiga ba. Alhaji na baya yana tuƙi da filafili, ango da amarya na tsakiya, daidai kan ɗinkin. Gaban kuwa ba wanda ya zauna, Alhaji ya ce wurin marigayi mai jirgi ne.