Zabirar Mainasara

Inna Sahura tana zaune a tsakar gida tana shafa wa zabira man shanu, Rufaida na gefe tana tsince shinkafa, amma hankalinta duk yana zaure. Zabirar nan jakar fata ce ta wanzamai. A cikinta mijin Inna, marigayi Sarkin Aska Mainasara, ya yi shekara talatin yana yawo da asake da ƙaho a garin Anka. Shekara tara ke nan da rasuwarsa, ɗansa Magaji ya gaji sana'ar, amma duk Juma'a Inna ce ke shafe jakar da hannunta.

"Inna, tun ɗazu fa yake zaure," Rufaida ta faɗa a hankali.

"Shi zauna. Tabarmar cizo takai?"

Baƙon Dakta Lirwanu ne, ɗan Gummi, likitan tiyatar hanta a asibitin koyarwa na Sakkwato. Shekara biyu da suka wuce ya zo da ma'aikatansa suna ɗibar jinin mutane a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna binciken abin da ke yaɗa ciwon hanta. Rufaida malamar firamare ce, ita aka sa rubuta sunayen mata. Ta rubuta na kowa ban da nata, don tsoron allura take. Kullum ya ce, "Malama, saura naki tes ɗin," sai ta ce, "Gobe, Dakta." Daga wannan goben soyayya ta shiga.

Da ya gama bincike aka kira shi gidan rediyo. Ya ce cutar a jini take tafiya, kuma aska ɗaya da za a yi wa jarirai da yawa tsaga da ita, ko kaciya, ko cire belu, tana ɗauko ta daga wannan ta kai wa wancan. Bai ambaci sunan kowa ba. Amma a Anka, in an ce aska gidan Mainasara ake nufi. Washegari a kasuwa har wani ya ja hularsa ya ce wa Magaji, "Bari dai in tafi da sumata, ina son hantata!" Ranar Inna ta rantse ba ta yafe wa duk wanda ya ba likita jininsa a gidan nan ba.

Inna ta rataye zabirar, ta yafa mayafi ta nufi zaure. Rufaida ta zaro ido, don ba a san uwar yarinya da fita wurin mai neman ɗiyarta ba.

Lirwanu ya sauka daga tabarma ya durƙusa. "Inna, ina wuni?"

"Riƙe gaisuwarka. Kai na kac ce askar maigidana kashe mutane takai?"

"Inna, ban ce..."

"Ka ce! Da kunnena nij ji. Mutumin da rabin garin ga da askatai anka yi musu suna! Ina jin kai ma da askar wanzami anka yi maka kaciya, ga ka nan ba ka mutu ba, har ka girma kana yankan mutane kana cin albashi." Ta gyara tsayuwa. "Kana son ɗiyata?"

"Ina sonta, Inna."

"To ba ni son akwati, ba ni son saniya. Koma gidan rediyon nan ka ce ƙarya ka yi. Ranar da nij ji, ranar za a sa rana."

Lirwanu ya ɗago kai. Sannan ya ce, "Inna, ki ce in tako daga Gummi zuwa nan a ƙasa, zan tako. Amma in na janye maganar nan, jariran da za a yanka gobe hakkinsu yana wuyana. Ba zan iya ba."

"Ashe ba ka so. Ga hanya nan."

Rufaida da ke laɓe a bayan ƙofa ta zube tana kuka. "Inna, don Allah! Wallahi ba da Baba yake ba!"

"Rufe min baki, marar kunya! Ubanki na kabari ana zagi nai, ke kina nan kina Dakta, Dakta!"

Haka aka yi wata takwas. Rufaida ba ta yi wa uwarta tsayayya ba, ba ta kuma saurari wani manemi ba. Ta je makaranta, ta dawo, ta yi tuwo, ta shiga ɗaki. Lirwanu kuwa duk wata sai ya aiko kawunsa Malam Halilu da gaisuwa, duk wata Inna ta mayar da shi da amsa ɗaya: "Ya koma rediyon?"

Ana cikin haka Magaji ya fara ramewa. Gefen cikinsa na dama, ƙarƙashin haƙarƙari, ya riƙa yi masa nauyi, abinci ya fita ransa. Inna na ganinsa ta tsorata, don da irin haka Mainasara ya fara kafin cikinsa ya kumbura ya tafi. Tun a wancan lokaci ta yanke cewa sammu ne, kuma Makau ne ya yi, wanzamin da suka nemi sarautar aska tare da Mainasara. Shekara tara ba ta amsa gaisuwarsa ba.

"Makau ya dawo ma gidan ga," ta ce. "Ya ci uba, yanzu ɗan yaka so."

Aka yi jiƙo, aka yi turare, aka sha rubutu. Ranar da aska ta faɗi daga hannun Magaji yana tsakiyar yi wa wani aski, Rufaida ta ɗauki waya ta kira lambar da ta yi wata takwas ba ta taɓa ba.

"Dakta... Yaya Magaji ne. Filis, ka taimaka."

"Gobe da safe ina Anka," kawai ya ce.

Inna ba ta hana ba, ba ta kuma ce ta yarda ba. Ta dai shiga bayan mota ta juya fuska wajen taga har Sakkwato.

Aka yi hoton ciki, aka ga ƙari a gefe ɗaya na hantar Magaji. Lirwanu ya ce Allah ya taimaka bai bazu ba, ana iya yanke shi. Ya kuma ce sai an gwada jinin duk 'yan gidan. Inna ta dubi Rufaida, ta dubi ɗanta a kwance, ta miƙa hannu aka ɗebi jininta.

Da rizal ɗin gwajin ya fito ya kira su ofis. Magaji yana da cutar. Rufaida ma tana da ita, amma tata kwance take, ba ta taɓa hantar ba. Rufaida ta rufe fuska da hijabi.

"Ni fa?" in ji Inna.

"Ta taɓa shigarki, Inna, jikinki ya kore ta. Babba yakan kore ta. Jariri ne ba ya iyawa, in ta shige shi sai ta zauna."

"To in ba ga nono na sunka sha ba, ina sunka samo ta?"

Lirwanu ya kau da kai. "Hanyoyin suna da yawa. Allah ne ya bar wa kansa sani."

Amma tunanin Inna ya riga ya tafi wani wuri. Ta ga Mainasara a tsugune ranar sunan Magaji, ya wasa aska a dutse, ya gwada kaifinta a babban yatsansa har jini ya tsattsafo, ya yi murmushi ya ce ta yi. Haka yake yi kullum, alfahari yake da shi, ya ce askar da ba ta ɗanɗani mai ita ba ba ta taɓa ɗan mutane. Sai ya goge ta a tafin hannu ya yi bisimilla. Kuma ita, ita Sahura, ita ta karɓi jaririn daga hannun ungozoma ta riƙe masa kai, don ta ce ba mai riƙe ɗan Sarkin Aska sai matar Sarkin Aska. Haka ta riƙe Rufaida. Haka Magaji ya koya, yatsansa ma duk tabo ne.

"Dakta," Inna ta ce, "in mai askar yana da ita... kuma yana gwada kaihi ga yatsa nai..."

Lirwanu ya sunkuyar da kai. Wannan ya ishe ta.

"Innalillahi! Ɗiyan mutane nawa? Ɗiyan mutane nawa na garin Anka?" Ta ja mayafi ta rufe kanta gaba ɗaya. Matar da mahautan Anka ke ɓoye tsoka mai kyau in sun hango ta saboda ciniki, yau ta kasa ɗaga ido ta dubi yaron da ta kora daga zaurenta.

"Inna, Baba bai sani ba," Lirwanu ya ce. "Ba wanda ya gaya masa. Shi ya sa na faɗa a rediyo."

Ranar tiyata aka shiga da Magaji da hantsi. Ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunansa na yanka ba, ba ta taɓa nuna damuwa da shi a gaban mutane ba. Ta zauna a benci tana jan carbi kamar mai jiran mota. Azahar ta wuce, la'asar ta yi. Da ƙofa ta buɗe Lirwanu ya fito da koren kaya, zufa ta jiƙa masa hula, sai ga Inna tsaye ta riƙe masa hannun riga.

"Ɗana! Yaya ɗana?"

"Alhamdu lillahi, Inna. Mun cire shi duka. Abin da ya rage na hantar zai tofo, haka Allah ya yi ta. Sai dai a riƙa kawo shi ana dubawa."

Sai a lokacin ta ga hannunta a rigar suruki. Ta saki da sauri kamar ta taɓa wuta, Rufaida tana hawaye tana dariya.

Bayan wata biyu, Magaji ya fara takawa zuwa masallaci, Lirwanu ya zo Anka duba shi. Wannan karon Inna ba ta shiga zauren ba. Daga bayan ƙofa ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Dakta, ka yi muna abin da ba mu iya biya. Na ɗauke maka maganar rediyo. Maganar yarinya ma na ɗauke maka. Na yi ta ja maka rai da ita awa zinari, ashe cuta na ba ta tun tana kwana bakwai. Tahi ka nemi lahiyayya, ba mu ganin laihinka."

Rufaida na tsakar gida, ta daskare da muciya a hannu.

"Inna, ni na yi rigakafi tun ina ɗalibi," Lirwanu ya ce. "'Ya'yan da Allah zai ba mu, ranar da aka haife su za a yi musu allura, in sha Allahu ba za ta kama su ba. Ita kuma wa ya fi dacewa ya riƙa duba hantarta in ba ni ba? Wata goma ina aiko Kawu Halilu, takalminsa ya ƙare. Ki tausaya masa."

Can sai Inna ta yi gyaran murya, tsohuwar muryarta ta ciniki ta dawo.

"To ba a banza ba. Sharaɗi guda."

"Na shiga uku! Wani kuma, Inna?" Rufaida ta faɗa.

"Ke, wa yas sa da ke? Dakta, ka tara wanzaman garin ga duka ƙofar gidan nan ka koya musu abin da ka sani. Duk wanda anka yi ma suna da askar gidan ga, a kira shi a gwada jini nai, ni ka bin su gida-gida in hwaɗa musu. Makau kuwa... shi ni za ni kira da kaina. Akwai hakki nai bisa kaina."

"Na karɓa, Inna. Ai ni ma wanzami ne, zabirata ce kawai ta fi girma."

Da yammacin ranar aka ga Inna Sahura durƙushe a ƙofar gidan Makau, ta rufe fuska tana neman gafara. Tsohon ya yi kuka, ya ce ya yafe tun ba yau ba. Bin gidajen ya fi wannan wuya. Wasu sun gode mata, wasu sun rufe mata ƙofa, wata mata ma ta zage ta har titi. Ba ta rama ba, washegari ta koma.

Bayan sallar layya aka ɗaura aure. Shekara na zagayowa Rufaida ta haifi namiji, aka yi masa allurarsa tun bai kwana ba. Ranar suna Magaji ya zo da zabirar Mainasara tana ƙyalli da man shanu. Ya zaro sabuwar reza a takardarta, zai ɓare ke nan Inna ta ce, "Kawo nan in gani!" Ta juya ta gaba da baya a gaban mata, ta tabbatar ba a taɓa buɗe ta ba, sannan ta miƙa masa.

"Aski kaɗai. Ba tsaga, ba belu. Kuma in ka kai ta ga yatsanka sai na ci mutuncinka gaban ɗiyanka!"

Gida ya kaure da dariya da guɗa.

Ku 'yan mata, ku dubi Rufaida: ba ta ɗaga wa uwarta murya ba, ba ta kuma saki wanda ta san mai gaskiya ne ba, Allah ya ba ta duka biyun. Ku samari, da Lirwanu ya sayi aure da ƙarya, da ranar da Magaji ya kwanta ba wanda zai yarda da bakinsa. Mu kuma iyaye, girman gida ba ya hana a yi kuskure a cikinsa. Kunyar durƙusawa a ce na yi laifi tana da zafi, amma ta kwana kaɗan ce, ta fi a binne ɗa saboda girman kai.